Ram nawa ya kamata in sa wa kwamfutar ofis, 16 ko 32?

Abu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah masana kwamfuta ina neman shawara. Kwamfutar tebur ɗin da muke aiki da ita a maktab ɗinmu nan Makka ta yi nauyi sosai, in ka buɗe Chrome da shafin Nusuk na harkar umara da shafukan otal-otal da WhatsApp, ga Excel na jerin masu umara, ga kuma ana sikanin fasfo, sai ta tsaya cak ko maus baya motsi sai ka jira ta gama tunaninta. Na je wani shago yace ram ne matsalar, wato wajen da kwamfuta take riƙe aikin da ake yi a lokacin, GB 8 ne a ciki, wai in cire shi gaba ɗaya in sa 32. Toh kuɗin da ya faɗa min sun yi yawa gaskiya, ga azumi na matsowa kun san yadda aiki yake zama a lokacin. 16 zai ishe ni ko dai in daure in sa 32 ɗin?

Ɗan Misfala: Wa alaikumussalam Alhaji. Ka daure ka sa 32 halas ka huta. Sayen nagari mai da kuɗi gida

Injiniya Jidda: Wa alaikumussalam. Alhaji kar ka fitar da ko riyal ɗaya tukuna. Gobe in an shiga aiki, daidai lokacin da ta fara wannan tsayuwar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance (in Windows ɗinka na Larabci ne zaka ga al-ada'), ka ɗauko min hoton wajen Memory da wajen Disk. Sannan ka duba gaban akwatin ka faɗa min lambar samfurin. Mai shago bai ga kwamfutar tana aiki ba ai, ta yaya ya san ram ne

Ɗan Misfala: Haba Injiniya, 8 a wannan zamanin ai ko ba a duba ba an san ya yi kaɗan. Chrome shi kaɗai cinye shi yake

Injiniya Jidda: Ban ce 8 ya isa ba ɗan uwa. Cewa nayi a duba. Tsakanin "8 ya yi kaɗan" da "sai 32" akwai kuɗi masu yawa a tsakiya

Abu Ammar Madina: Ni dai 8 ne a tawa kuma ina karatuna lafiya lau, Shamila da Word da PDF na littattafai, ban taɓa jin ta gaza ba. Inaga mutane suna zuzuta abin ne

Injiniya Jidda: Malam aikinka daban nasa daban. Rubutu baya cin ram sosai. Shi kuma shafukan intanet ashirin ko talatin yake bari a buɗe tun safe har dare, kowane shafi da rabonsa da yake kamawa, ga hotunan fasfo masu nauyi

Abu Sadiq: Salam, ga hotunan nan na turo. OptiPlex 7060 aka rubuta a gaba, irin siririyar nan ce. Yaron ɗan'uwana Walid shi ya ɗauka, yana cikin guruf ɗin nan ma

Walid: Eh ni na ɗauka. Ram yana kai 7 da wani abu cikin 8 ɗin, disk kuma yana manne a 100% kusan kullum, ko ba a taɓa komai ba wani lokaci. Wajen slots, wato ramukan ram, ya rubuta 1 of 4

Injiniya Jidda: Yauwa, yanzu aka zo wajen magana. Alhaji kwamfutarka mai kyau ce wallahi, i5-8500 ne a ciki kamar yadda hoton ya nuna, ƙarni na 8 kenan na Intel, Windows 11 tana karɓarsa a hukumance, wannan babban abu ne tunda Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ramukan ram huɗu gare ta, irin ram ɗin da ake kira DDR4 take ci, tana ɗaukar har 64. Amma matsala biyu ce take damunka a haɗe ba ɗaya ba. Ta farko ram ɗin ya cika da gaske, Ɗan Misfala yana da gaskiya a nan. Ta biyu wadda mai shago bai faɗa maka ba, hadisk ɗinka tsohon yayi ne mai faifai mai juyawa, duba hoton da kyau an rubuta HDD. Abin da yake faruwa shine, ka ɗauka ram teburin da kake baje fasfo ne, hadisk kuma durowar da take can ƙarshen ofis, in tebur ya cika dole sai an riƙa kwashe wasu ana kaiwa durowa ana dawowa da wasu, toh Windows haka take yi, in ram ya cika sai ta riƙa jibge abubuwa a hadisk, shi kuma naka a hankali yake tafiya, shine tsayuwar da kake gani. Ko ka sa 64 in ka bar wannan hadisk ɗin, kunnawa da safe da buɗe fayil duk zasu ci gaba da ɓata maka rai

Abu Sadiq: Toh fa. Yanzu meye shawara kenan Injiniya

Injiniya Jidda: Ka ƙara 8 guda ɗaya akan wanda yake ciki ya zama 16, ragowar kuɗin ka sayi SSD, wato hadisk na zamani mara faifai mai juyawa, ya fi wancan sauri sosai. Bod ɗinta, wato babban allon da komai yake maƙale a kai, yana da gurbin M.2, ɗan siririn nan ake maƙalawa da noti ɗaya. A sa Windows a kansa, tsohon hadisk ɗin ka bar shi ya zama ma'ajiya

Ɗan Misfala: Na yarda da maganar SSD, wannan ba musu. Amma akan 16 ɗin ne ban gamsu ba. Ku duba fa yadda farashin ram ya haukace tun ƙarshen 2025, abin da muke saye da araha a da yanzu sai ka riƙe baki in an faɗa maka kuɗinsa, kuma DDR4 ɗin kamfanoni suna ta rage yinsa. In ya sa 16 yau shekara mai zuwa ya ga bai ishe shi ba, da wane farashi zai saya? Gara ya rufe ƙofar tun yanzu

Baban Humaira Riyad: Maganar tsada gaskiya ce, na zaga kasuwar kwamfuta ta Ulayya kwanan nan kowa kuka yake. Kamfanoni uku ne suke yin mafi yawan ƙwayoyin ram na duniya, Samsung da SK hynix da Micron, kuma sun karkata wajen manyan cibiyoyin nan na AI da suke kwashe kaya da yawa suna biya da tsada, shi yasa abin da yake zuwa kasuwar talaka ya ragu. Amma ni a wajena wannan dalili ne na kar ka sayi abin da baka buƙata a lokacin da yake kan tsadarsa. Ba wanda ya san gobe, zai iya ƙara hawa zai iya sauka

Injiniya Jidda: Kuma ku tuna ramuka huɗu gare shi. In ya sa 8 biyu saura ramuka biyu a buɗe, duk ranar da ya ga buƙata sai ya ƙara, ba sai ya zubar da komai ba. Da ace irin mai rami biyu ce sai in ce a tsaya a yi lissafi sosai. Abin da ya fi ɓata min rai a shawarar mai shagon nan shine cewa a cire 8 ɗin da yake aiki lafiya, akan me?

Walid: Kawu ni ina bayan 32 gaskiya, saboda ka san ina so in fara haɗa bidiyon ziyara na mutanenmu akan ta, Jabalun Nur da Arfa da Uhud in mun je Madina, mu riƙa sawa a shafin kamfani

Abu Sadiq: Au dama da wata a ƙasa kenan Walid

Maman Yusra: Assalamu alaikum, bari in sa baki tunda an zo wajen sana'ata. Walid da me kake ɗauka, kuma da me zaka haɗa? Domin amsar tana nan. Su Adobe da kansu abin da suka ba da shawara akan Premiere, manhajarsu ta haɗa bidiyo, shine 16 in bidiyon HD ne, 32 ko sama in 4K ne. Ni 32 ne a tawa kuma ina cinye shi, bidiyon walima da na biki nake haɗawa masu tsawo, ga gyaran launi ga sauti ga Photoshop a buɗe a gefe. Amma in gajeren bidiyo ne na minti ɗaya ko biyu da za a sa a TikTok da Facebook, ka saita wayarka a 1080 ka haɗa da CapCut, 16 ya ishe ka har da saura. Su kansu shafukan matse bidiyon suke yi in ka ɗora, mai kallo a Kano ko Zinder da datarsa ba zai ga bambancin 4K ɗinka ba

Walid: Anti da iPhone nake ɗauka, 4K nake sawa dama

Maman Yusra: Toh ka mayar 1080 ɗana. Sannan wannan kwamfutar bata da katin hoto na daban, wanda yake cikin furosesa take amfani da shi, ko ka cika ta da ram 4K zai riƙa yi maka tsalle-tsalle in ka fara jibga masa ado. Kuma kwamfutar aikin mutane ce, in kana fitar da bidiyo kawunka yana son buɗe bizar wani fa?

Injiniya Jidda: Hajiya ta taɓo wani abu mai muhimmanci. Katin hoton da yake cikin furosesa bashi da ram nasa, daga cikin na kwamfutar yake ɗiba. Shi yasa guda biyu ya fi guda ɗaya, in ram biyu ne a ramukan da suka dace furosesa yana magana da su ta hanya biyu a lokaci guda, faɗin hanyar ya ninka. Ba wai saurin kwamfutar gaba ɗaya zai ninka ba, kar a fahimce ni ba daidai ba, amma a harkar hoto da bidiyo ana jin bambancin. Yanzu haka da guda ɗaya take tafiya, rabin hanyar a rufe yake

Ɗan Misfala: Toh ga tsaka-tsaki, ya sayi 16 guda ɗaya ya haɗa da 8 ɗinsa ya zama 24. Kowa ya samu

Injiniya Jidda: Yana aiki, ba haramun bane. Intel suna da tsarin da zai haɗa 8 na wannan da 8 na wancan su tafi a hanya biyu, ragowar 8 ɗin ya tafi shi kaɗai. In kuɗin sun kai ba laifi. Ni dai tambayata ɗaya ce, me zai zuba a cikin 24 ɗin? A hoton da Walid ya turo akwai wajen da aka rubuta Committed, wannan shine jimillar abin da manhajoji suka nema har da wanda aka tura hadisk, nasa bai kai 12 ba a lokacin da aiki ya fi zafi. Kenan 16 ya rufe shi da sarari

Baban Humaira Riyad: Amma Injiniya ka yi adalci, ram ɗin da ya rage ba zaman banza yake ba, Windows tana ajiye fayilolin da aka saba buɗewa a ciki dan su buɗe da sauri

Injiniya Jidda: Haka ne yallaɓai, tana yi. Sai dai in akwai SSD ribar wannan ta ragu sosai, ba zaka biya kuɗin ƙarin 16 dan Excel ya buɗe da ƙiftawar ido ɗaya maimakon biyu ba

Sani Kilo Sitta: Ni shawarata tunda za a kashe kuɗi a sa DDR5 kawai, shine sabo ya fi sauri

Walid: Bazai shiga ba yaya Sani

Injiniya Jidda: Bazai shiga ba ko kusa. Tsagar da take ƙasan ram ɗin ba waje ɗaya take ba, DDR3 daban DDR4 daban DDR5 daban, da gangan aka yi haka dan kar a sa a inda bai dace ba. In ka matsa da ƙarfi ramin zaka fasa. Bod da furosesa su suke yanke irin wanda za a sa

Abu Ammar Madina: Toh ni ma bari in tambaya tunda an buɗe ƙofa. Tawa OptiPlex 3020 ce, i5 ƙarni na 4, abokina da ya gama jami'a ya koma gida ya bar min. In na tashi ƙarawa nawa zan sa?

Injiniya Jidda: Malam taka DDR3 ce, ramuka biyu, iyakarta 16. Amma kai da bakinka kace 8 yana isarka, toh ka bar ta haka. In ba SSD a ciki ka sa ƙarami, shikenan. Kar ka zuba mata kuɗi da yawa domin Windows 11 bata karɓar furosesanta a hukumance, gara ka tara ka canza ta gaba ɗaya nan gaba. Ka dai duba ko Windows ɗinka 64-bit ce, mai 32-bit bata iya amfani da abin da ya wuce wajen 4 ko nawa ka sa

Abu Ammar Madina: Jazakallahu khairan, 64 ce na duba

Abu Sadiq: Tayyib, na gamsu da 16 da SSD. Walid ka haƙura da 4K ɗin sai Allah ya hore mu sai maka taka. Yanzu ina zan saya, sabo ko musta'amal, wato na hannu? Na ga wasu a shafin saye da sayarwa na Haraj da ɗan sauƙi

Baban Humaira Riyad: Ram na hannu ba shi da laifi in an gwada, abu ne da baya saurin lalacewa, ba kamar hadisk ba. Amma ka kula da abu ɗaya Alhaji, akwai ram na saba, na manyan injinan kamfanoni, ana fitar da shi da yawa a sayar da araha, kamarsu ɗaya a ido kuma zai shiga ramin tsaf amma kwamfutar ba zata tashi ba. Wani maƙwabcina haka aka sayar masa a wani shago, da ya mayar aka ce ba a karɓa tunda ba fatura. Ka karanta takardar da take manne a jiki, zaka ga kamar PC4-2666V sannan harafi ya biyo baya, in U ne shine naka, in R ne na saba ne ka ajiye musu abinsu, in S ne ɗan gajere ne na laftof

Injiniya Jidda: Wannan bayani ya yi yallaɓai. In ƙara, hanya mafi sauƙi ka buɗe akwatin ka ɗauki hoton takardar ram ɗin da yake ciki ka nemi irinsa. Ba dole sai kamfani ɗaya ba, amma girma ɗaya da gudu ɗaya ya fi kwanciyar hankali. In guduwarsu ta bambanta duka biyun zasu sauko su bi na ƙasa. Furosesanka 2666 ne iyakarsa, ko ka sayi mai 3200 a nan zai tsaya, kar wani ya caje ka kuɗin gudun da ba zaka gani ba. Sannan ka guji irin na masu gem ɗin nan masu ƙarfe da fitilu, yawancinsu sai an kunna wani zaɓi da ake kira XMP a cikin BIOS, wato saitin bod ɗin, suke kai gudun da aka rubuta a kwali, kwamfutocin ofis irin taka galibi basu da wannan zaɓin, sai ka ga ya faɗo 2133 ko 2400 ya ja na cikin ma ƙasa. Koren nan mara ado shi zaka nema

Sani Kilo Sitta: In zaka shigo Jidda Alhaji ka bi ta titin Khalid bin Walid, shagunan kwamfuta suna nan jere, ka tambayi uku ko huɗu kafin ka saya. Ko ka sa kwamfutar a mota ka taho da ita a gwada a gabanka tunda ba nauyi gare ta ba

Maman Yusra: SSD ɗin dai sabo zaka saya da fatura da daman, wato garanti, a nan kam araha bata ado. Na hannu baka san iya abin da aka rubuta a kansa ba. Kuma dan Allah kafin kowa ya taɓa kwamfutar nan ku kwafe fayilolin mutane a wani hadisk na waje, fasfo da biza da lissafin kuɗin alhazai amana ce. Kar kuma a bar ta a shago ta kwana da bayanan mutane a ciki, in da hali Walid ya yi aikin a ofis

Walid: Zan iya Anti, na taɓa sawa a ta gida. Injiniya wane rami zan sa na biyun, na kusa da na farko?

Injiniya Jidda: Kar ka bi kusanci, ka bi lamba. A jikin bod ɗin gefen kowane rami an rubuta DIMM1 DIMM2 har 4, na yanzu ya kamata ace yana 1, sabon ka sa a 2, zaka ga makullansu launi ɗaya ne. Ka kashe ta ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu wutar da ta rage ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki ram ɗin, ka riƙe shi ta gefe kar ka taɓa zinaren ƙasan. A irin siririyar nan sai ka ɗaga wajen hadisk ɗin kafin ka ga ramukan sosai. Ka daidaita tsagar ka danna gefe biyu har makullan su rufe da kansu, in ta ƙi tashi tana ƙifta fitila yawanci bai zauna daidai bane, ka cire ka sake. Tunda ka buɗe ka hure ƙurar fankar ma, ka san ƙurar Makka da zafinta, ita ma tana sa furosesa ya rage gudu

Ɗan Misfala: Ni dai ku rubuta ku ajiye, kafin Hajji zai dawo neman ƙari

Injiniya Jidda: In ya dawo ramuka biyu suna jiransa. Walid in ka gama ka rubuta mdsched a wajen bincike na Windows ka bar ta ta sake tashi ta gwada ram ɗin, in na hannu ne kuka saya ka sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filash ka bar shi ya kwana yana zagaye, kuskure ko ɗaya ya nuna ka mayar wa mai shi tun fatura tana hannu

Walid: Toh SSD ɗin fa, GB 256 ko 512?

Baban Humaira Riyad: 512 in kuɗin sun kai, 256 in sun matse tunda tsohon hadisk ɗin yana nan na ajiya. Ka tabbata irin da ake kira NVMe ne, mai shiga gurbin M.2 ɗin nan, lambar girmansa 2280, kuma ka duba ko notin da ake ɗaure shi yana jikin bod ɗin kafin ka baro shago, in babu ka ce su baka ɗaya